KIMIYYAR DA KE CIKIN GASAR KOKAWA TA ƘASASHEN DUNIYA

Gabatarwa

A shekarar 1912, a wasannin Olamfik da aka yi a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, an haɗa wasu 'yan kokawa biyu, Martin Klein, ɗan Istoniya mai wakiltar Rasha, da Alfred Asikainen na ƙasar Finlan. A buɗaɗɗen fili suka kama, cikin rana, kuma ba a raba su ba sai bayan awa 11 da minti 40. Klein ne ya yi kaye, amma ya galabaita har ya kasa fitowa karon ƙarshe, dole ya haƙura da lambar azurfa. A shekarar 2024 kuwa, a wasannin Olamfik na birnin Paris, karo ɗaya bai wuce minti shida ba, kuma an hana wata 'yar kokawa ta Indiya shiga karon ƙarshe saboda nauyinta ya zarce ƙa'ida da giram 100, wato abin da bai kai nauyin ruwan rabin kofin shayi ba.

A tsakanin waɗannan shekaru biyu, kokawar ƙasa da ƙasa ta zama wasan awo. Ana auna nauyin ɗan wasa, ana auna lokaci, ana auna faɗin fili, ana kuma ƙidaya maki. Maƙasudin wannan darasi shi ne a nuna wa ɗalibi cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan awo yana da dalili a kimiyyar Fiziks ko ta Bayoloji, kuma sanin dalilin yana taimaka wa mai kokawa ya yi nasara, yana kuma iya tsare masa lafiyarsa.

1. Asalin Gasar

Kokawa tana cikin wasannin da suka fi daɗewa a duniya. A kaburburan Bani Hasan da ke ƙasar Masar akwai zane-zanen bango na kimanin shekara 4,000, masu nuna ɗaruruwan 'yan kokawa bibbiyu, kowane biyu da irin kamun da suka yi. Girkawan dā sun shigar da ita cikin wasanninsu na Olamfik a shekara ta 708 kafin Miladiyya. Da aka farfaɗo da wasannin a birnin Atens a 1896, kokawa tana ciki, kuma wani Bajamushe mai suna Carl Schuhmann ne ya lashe ta.

Ya kamata tun da wuri a bambanta wannan kokawa da wadda ake nunawa a talabijin, wadda yara ke kira resilin, inda ake tsalle daga kan igiya ana dukan juna da kujeru. Waccan wasan kwaikwayo ce da aka tsara sakamakonta tun kafin a fito. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta 'yan wasan da ƙasashensu ke zaɓa su wakilce su. A dā ana kiranta kokawar masu sha'awa, domin doka ta hana 'yan wasanta karɓar lada. A yau da yawansu suna samun albashi da kyaututtuka daga gwamnatoci da ƙungiyoyi, sai dai sunan ya bi ta.

Hukumar da ke kula da wasan a duniya tana da hedikwata a ƙasar Suwizalan. An daɗe ana kiranta FILA, har zuwa 2014 da aka sauya mata suna, aka koma taƙaita shi da UWW. Salon kokawa uku ne ake yi a manyan gasanninta:

(a) Kokawar Girka da Rum. A wannan salo an hana kama abokin karo ƙasa da ƙugu, an kuma hana amfani da ƙafa wajen taɗiya. An fara gasar duniya ta wannan salo a birnin Biyana a 1904.

(b) Sakakkiyar kokawa ta maza. A nan an yarda a kama ƙafa, a yi taɗiya, a yi amfani da jiki duka. Gasarta ta duniya ta farko an yi ta a birnin Helsinki a 1951.

(c) Kokawar mata, wadda ke bin dokokin sakakkiyar kokawa. An fara gasarta ta duniya a ƙasar Nowe a 1987, ta kuma shiga Olamfik a 2004.

2. Yadda Ake Karawa da Ƙidayar Maki

Ana yin karon a kan wata shimfiɗa mai laushi, mai tsawon mita 12 da faɗin mita 12. A tsakiyarta akwai da'ira mai faɗin mita 9, kuma mita ɗaya na bakin da'irar yana da launi daban domin ya gargaɗi ɗan wasa cewa ya kusa fita. Ɗaya yana sanye da ja, ɗaya da shuɗi. Ana yin zagaye biyu, kowanne minti uku, da hutun sakan 30 a tsakani. Alƙalai uku ne ke kula da karon: ɗaya a cikin fili, biyu a zaune a gefe.

Wanda ya danne kafaɗun abokin karonsa biyu a kan shimfiɗa ya yi nasara nan take. Idan hakan bai samu ba, sai a koma ga maki. Kai mutum ƙasa da samun iko a bayansa maki 2 ne. Juya shi har bayansa ya fuskanci shimfiɗa maki 2 ne. Jifa daga tsaye maki 4 ne ko 5, gwargwadon girman jifar. Fitar da shi daga da'ira maki 1 ne. Idan tazarar maki ta kai 10 a sakakkiyar kokawa, ko 8 a ta Girka da Rum, sai a tsayar da karon, domin fifiko ya riga ya bayyana.

Kowace ƙasa tana kawo mutum ɗaya a kowane ajin nauyi. Ana karawa bibbiyu, wanda aka ka da ya fita, amma duk wanda ya sha kaye a hannun ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kai karon ƙarshe ana ba shi wata dama ya nemi tagulla. Saboda haka lambar tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Hikimar wannan ita ce kada gwani ya tashi a tutar babu don kawai ƙuri'a ta haɗa shi da zakara a karon farko.

Bayan lambobin mutum ɗaya ɗaya, akwai kofin ƙasa. A tsarin da ake bi yanzu, na ɗaya yana kawo wa ƙasarsa maki 25, na biyu 20, na uku 15, na biyar 10, haka har zuwa na goma mai maki 2. Ɗalibi zai iya lissafawa ya ga cewa ƙasar da ta sami zinariya biyu kaɗai tana da maki 50, amma wadda 'yan wasanta shida suka zo na biyar, ba tare da lamba ko ɗaya ba, tana da maki 60. Nan ne maganar Hausawa ta tabbata, cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A gasar duniya ta 2017 a birnin Paris, lokacin ana bin tsohon tsarin da ke ba na ɗaya maki 10 da na biyu 9, kofin sakakkiyar kokawa ya rataya a kan karo ɗaya na ajin kilo 97. Kyle Snyder na Amurka ya ci Abdulrashid Sadulaev na Rasha da maki 6 da 5, sai Amurka ta ɗauki kofin da maki 54, Rasha tana da 53. An kuma riƙa yin gasar Kofin Duniya, wadda aka fara a birnin Toledo na Amurka a 1973, inda ƙasa da ƙasa suka riƙa fuskantar juna kai tsaye, aji bayan aji.

A watan Fabrairu na 2013 shugabannin kwamitin Olamfik suka ba da shawarar a cire kokawa daga wasannin 2020. Ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da ake yi shi ne dokokinta sun yi wa mai kallo wuyar fahimta. Hukumar ta sauya shugabanta, ta sauƙaƙa ƙidayar maki, ta ƙara ajin mata a Olamfik daga huɗu zuwa shida. A watan Mayu na shekarar 'yan wasan Amurka da Iran da Rasha, ƙasashen da siyasa ta raba, suka yi wasa tare a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin New York domin jawo hankalin duniya. A watan Satumba aka kaɗa ƙuri'a a birnin Buenos Aires, kokawa ta sami ƙuri'a 49 cikin 95, aka mayar da ita.

3. Dalilin Raba 'Yan Wasa Aji-Aji

A gasar duniya akwai ajin nauyi 10 a kowane salo, a Olamfik kuwa 6. Ajin Olamfik na sakakkiyar kokawar maza su ne kilo 57, 65, 74, 86, 97 da 125. Na mata su ne kilo 50, 53, 57, 62, 68 da 76.

Dalilin wannan rabo yana cikin wata ƙa'ida da masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana a 1638. A ɗauki ɗan dunƙulen katako mai santimita 1 ta kowane gefe. Idan aka ninka kowane gefe ya zama santimita 2, faɗin fuskarsa zai ninku sau 4, amma girman cikinsa da nauyinsa za su ninku sau 8. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, wato faɗin fuskar da za a gani idan aka yanka ta a gicciye. Nauyin jiki kuwa yana bin girman ciki.

A ƙaddara akwai 'yan kokawa biyu masu siffa iri ɗaya da horo iri ɗaya, ɗaya kilo 60, ɗaya kilo 120. Nauyin babban ya ninka na ƙaramin sau 2, amma lissafi ya nuna kaurin tsokarsa ya ninka ne kimanin sau 1.6. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, babban ya fi ƙaramin ƙarfi da kimanin kashi 60 cikin ɗari, ga kuma nauyin da ƙaramin zai yi fama da shi, saboda haka haɗa su ba adalci ba ne. Na biyu, idan aka gwada ƙarfin kowa da nauyin jikinsa, ƙaramin ne a gaba. Wasan ɗaga ƙarfe ya tabbatar da haka. A Olamfik na 1988, Naim Suleymanoglu na Turkiyya, mai kilo 60, ya ɗaga kilo 190 sama da kansa, fiye da ninki uku na nauyinsa. A 2021 Lasha Talakhadze na Jojiya ya ɗaga kilo 267, amma da yake nauyinsa ya haura kilo 170, abin da ya ɗaga kimanin ninki ɗaya da rabi ne na jikinsa.

Wannan ƙa'ida ce ta sa ƙananan 'yan kokawa suka fi zafin nama da yawan jifa, manya kuwa suka fi dogara ga turi da danniya. Ita ce kuma ta sa duniya ta yi mamakin Aleksandr Karelin na Rasha, wanda yakan sungumi ƙato mai kilo 130 daga kwance ya jefa shi ta bayansa. Ya ci zinariyar Olamfik a 1988 da 1992 da 1996, ya ci gasar duniya sau tara, ya yi shekara 13 ba a ci shi ba, har zuwa 2000 a birnin Sidni, inda Rulon Gardner na Amurka ya ci shi da maki 1 da babu.

4. Cibiyar Nauyi da Gindin Tsayuwa

Kowane abu yana da wani wuri da za a iya ɗauka cewa nauyinsa duka ya taru a can. Wannan wuri shi ake kira cibiyar nauyi. Ga mutumin da ke tsaye ƙyam, tana cikin jiki, ƙasa kaɗan da cibiya, a ɗan sama da rabin tsawonsa. Gindin tsayuwa kuwa shi ne filin da tafin ƙafafu biyu suka kewaye, har da sararin da ke tsakaninsu. Ƙa'idar ita ce: idan aka saki zare mai dutse daga cibiyar nauyi zuwa ƙasa, muddin dutsen ya sauka a cikin gindin tsayuwa, mutum yana nan daram. Da zarar ya fita waje, sai mutum ya ɗaga ƙafa ya gyara tsayuwa, ko ya faɗi. Ashe aikin ɗan kokawa duka shi ne ya fitar da cibiyar nauyin abokin karonsa daga gindin tsayuwarsa, ya kuma hana shi ɗaga ƙafar da zai gyara.

Abin da ke tuntsurar da mutum shi ake kira ƙarfin juyi. Ana samunsa ta hanyar ninka ƙarfin da aka sa da nisan da ke tsakanin inda aka sa shi da wurin da abin ke juyawa. Shi ya sa ake sa mariƙin ƙofa nesa da maɗaurinta, shi ya sa kuma makaniki ke ƙara wa sifana bututu idan noti ya ƙi kwancewa.

Ga misali cikin lissafi, an sauƙaƙa shi ta hanyar ɗaukar mutum kamar sandararren gunki. Ɗan wasa mai kilo 70 ƙasa tana jansa da ƙarfin kimanin niyutan 700. Idan ya tsaya ƙyam, ƙafafu a haɗe, nisan zaren cibiyar nauyinsa daga bakin diddigensa kimanin mita 0.1 ne. Ƙarfin juyin da ke riƙe da shi shi ne 700 sau 0.1, wato 70. Wanda ya tura shi a kafaɗa, a tsawon mita 1.4 daga ƙasa, yana bukatar 70 a raba da 1.4, wato niyutan 50 kawai, kwatankwacin nauyin kilo 5. To, a ce ya ja ƙafa ɗaya baya har nisan ya zama mita 0.4, ya kuma rusuna har kafaɗarsa ta sauko zuwa mita 1. Yanzu ƙarfin juyin da ke riƙe da shi 700 sau 0.4 ne, wato 280, kuma mai turi yana bukatar niyutan 280. Mutumin bai ƙara ko giram ɗaya ba, amma wuyar ka da shi ta ninku fiye da sau biyar.

Wannan lissafi ya bayyana abubuwa da dama da ake gani a fili. Ya bayyana dalilin da ya sa 'yan kokawa ke rusunawa su buɗe ƙafafu, a Paris ne ko a dandalin ƙauye bayan girbi. Ya bayyana taɗiya: ƙafar mai taɗiya tana tokare diddige ya zama wurin juyi, hannunsa kuma yana turi a sama, inda nisa ya fi yawa. Ya bayyana kamun ƙafa ɗaya, domin wanda aka ɗaga wa ƙafa gindin tsayuwarsa ya koma tafin ƙafa ɗaya tak. A jifa ta ƙugu, mai jifa yana shigar da ƙugunsa ƙasa da cibiyar nauyin abokin karo, sai ƙugun ya zama wurin juyi. Gwani kuma yakan fara turi, idan abokin karo ya mayar da turin, sai ya ja shi ba zato, ƙarfin mutum biyu ya haɗu ya nufi gefe ɗaya. Mai kokawar Girka da Rum, da yake ba ya tsoron a kama masa ƙafa, ya fi tsayawa a miƙe, ƙirji da ƙirji, alhali mai sakakkiyar kokawa dole ya rusuna sosai ya tsare gwiwoyinsa.

5. Inda Kuzarin Minti Shida Ke Fitowa

Tsoka ba ta aiki sai da wani sinadari da masana ke kira ATP, kuma abin da ke ajiye a cikinta ba ya wuce aikin sakan biyu ko uku. Saboda haka jiki yana sabunta shi ta hanya uku.

Hanya ta farko ita ce ta wani sinadari mai suna fosfokiriyatin, wanda ke ajiye a tsokar. Ita ce mafi sauri, amma kimanin sakan 10 take ɗauka ta ƙare. Da ita ake sunguma da jifa. Hanya ta biyu ita ce farfasa sukarin da ke ajiye a tsoka ba tare da jiran iskar oksijin ba. Tana ɗaukar aiki mai tsanani na minti ɗaya zuwa biyu, amma tana tafe da ƙaruwar tsami a cikin tsoka, kuma a lokacin ne ɗan wasa ke jin hannuwansa sun yi nauyi, kamunsa ya fara saki. Hanya ta uku ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin. Ba ta da sauri, amma tana daɗewa, kuma ita ce ke mayar da ajiyar hanya ta farko a duk lokacin da karon ya ɗan lafa, da kuma a hutun sakan 30.

Karon Klein da Asikainen ya kai kusan awa 12 ne domin yawancinsa riƙo ne da jingina da juna, aikin da hanya ta uku za ta iya ɗauka. Da aka ƙayyade lokaci, aka kuma sa hukunci a kan wanda ya ƙi kai hari, sai wasan ya koma kan hanyoyin nan biyu masu sauri. Ɗan wasan da zai kai ƙarshe a gasar duniya yakan yi karo uku ko huɗu a yini ɗaya, don haka horonsa dole ya haɗa ukun: ɗaga nauyi domin ƙarfi, gajeren gudu mai tsanani da ake maimaitawa domin jure tsami, da dogon gudu domin zuciya da huhu. Ana yawan cewa tsamin nan ne ke jawo ciwon jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan wasa. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tsamin yana gushewa cikin kimanin awa ɗaya, ciwon kuwa yana zuwa ne daga ƙananan raunuka a zaren tsoka, waɗanda ke warkewa da hutu da abinci mai gina jiki.

6. Haɗarin Rage Nauyi da Gaggawa

Raba 'yan wasa aji-aji ya kawo adalci, amma ya buɗe wata ƙofa. Wanda nauyinsa kilo 62 ne yakan so ya shiga ajin kilo 57 domin ya fi abokan karonsa girma. Kitse ba ya narkewa cikin kwana biyu, saboda haka abin da ake zubarwa ruwa ne, ta hanyar ƙin sha, da gudu cikin rigar roba, da zama a ɗaki mai zafi.

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na jikin babban mutum ruwa ne, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai kilo 60 yana ɗauke da kimanin lita 36. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato lita 1.2 a wurinsa, ya isa ya rage juriyarsa. Idan ya rasa kilo 3, ya kai kashi 5 cikin ɗari. A nan jini yana raguwa ya yi kauri, zuciya tana ƙara bugu domin ta cike giɓin, gumi yana ƙaranci har jiki ya kasa sanyaya kansa, ƙoda kuma tana shiga wahala. Gishirin jiki da ke daidaita bugun zuciya shi ma yana rikicewa.

A tsakanin Nuwamba da Disamba na 1997, ɗalibai uku 'yan kokawa na jami'o'in Amurka suka rasu, kowanne yana cikin ƙoƙarin rage nauyi kafin awo. Bayan haka hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta hana rigar roba da ɗakin zafi, ta kuma matso da lokacin awo kusa da lokacin karo. Hukumar UWW ita ma tun 2018 tana yin awo da safiyar ranar karo, kuma wanda ya kai rana ta biyu sai an sake auna shi. Hikimar ita ce wanda ya san ba shi da isasshen lokacin mayar da ruwa ba zai kuskura ya zubar da mai yawa ba. Wannan doka ce ta kama Vinesh Phogat ta Indiya a Paris. Ta ci karo uku a rana ta farko a ajin kilo 50, ciki har da zakarar Olamfik Yui Susaki ta Japan, amma a safiyar 7 ga Agusta, 2024, ma'auni ya nuna ta zarce da giram 100. Aka cire ta, ta rasa har azurfar da ta riga ta tabbata, kuma kotun wasanni ta duniya ta ƙi karɓar ƙararta.

Darasin ya shafi makarantun ƙasar Hausa kai tsaye, inda zafin bazara kan haura digiri 40. Ɗalibin sakandare jikinsa yana kan girma. Malamin wasanni ya sa shi a ajin da nauyinsa na yau da kullum ya kai shi, ya kuma tanadi ruwan sha kafin atisaye da lokacinsa da bayansa. Fitsari mai duhun launi alama ce ta ƙarancin ruwa. Jiri, ko rikicewar tunani, ko ɗaukewar gumi cikin zafi, alamu ne na a tsayar da wasa, a kai yaro inuwa, a sanyaya jikinsa, a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba.

7. Matsayin Afirka ta Yamma

Yawancin ƙasashen da suka yi fice a wannan wasa suna da tsohuwar kokawar gargajiya da suka gina a kanta, kamar Iran da Turkiyya da Jojiya da yankin Dagistan na Rasha. Wasu kuma ta makarantu suka gina shi, kamar Amurka da Japan da Kyuba, ƙasar Mijain Lopez, wanda ya ci zinariyar Olamfik sau biyar a jere daga 2008 zuwa 2024.

A Nijeriya, Daniel Igali, haifaffen yankin da ke Jihar Bayelsa a yau, ya ci gasar duniya a 1999 da zinariyar Olamfik a 2000 da sunan ƙasar Kanada, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa. Odunayo Adekuoroye ta ci azurfa a gasar duniya ta 2017. Blessing Oborududu ta ci azurfa a ajin kilo 68 a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta samu a kokawa. A Jamhuriyar Nijar, gasar Takobi ta kokawar gargajiya, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana haɗa gwanayen jihohin ƙasar. Ƙungiyar ECOWAS ita ma ta sha shirya gasar kokawar gargajiya tsakanin ƙasashe a biranen Yamai da Dakar.

Ɗan kokawar gargajiya ya riga ya mallaki rabin ilimin da ake bukata, wato tsayuwa da kamu da taɗiya. Abin da ya rage masa shi ne kokawar kwance, domin a dandalin gargajiya da an kai mutum ƙasa an gama, a shimfiɗar duniya kuwa maki 2 kawai aka samu, wasa na ci gaba. Akwai kuma kokawar rairayi da UWW ta amince da ita, wadda ake yi a tsaye cikin da'irar yashi, kuma ita ce mafi kama da ta gida. An sanya ta cikin wasannin Olamfik na matasa na birnin Dakar na 2026.

Gwaji a Cikin Aji

Ɗalibi ya tsaya, diddigensa da bayansa manne da bango. A ajiye alli a ƙasa, taku ɗaya a gabansa, a ce ya ɗauka ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ko ya ɗaga ƙafa ba. Zai kasa, domin bangon ya hana ƙugunsa komawa baya, sai cibiyar nauyinsa ta wuce yatsun ƙafarsa. Bayan haka a sa tubali a kan katako, a tsaye, a riƙa ɗaga gefe ɗaya na katakon a hankali har tubalin ya faɗi, a auna tsawon da aka ɗaga. A maimaita da tubalin a kwance, a gwada sakamakon biyu.

Tambayoyi

1. Ƙasar A ta sami zinariya ɗaya da tagulla biyu. Ƙasar B ta sami azurfa biyu da na biyar guda biyu. Wace ce ke gaba a maki?
2. Ɗan wasa mai kilo 80 ya tsaya, nisan zaren cibiyar nauyinsa daga bakin gindin tsayuwarsa mita 0.3 ne. Niyutan nawa ake bukata a tura shi a tsawon mita 1.2?
3. Ɗalibi mai kilo 50 ya rasa kilo 2 ta hanyar gumi. Kashi nawa ke nan cikin ɗari na nauyinsa, kuma me zai faru da jininsa?
4. Kawo bambanci biyu tsakanin kokawar Girka da Rum da kokawar gargajiya ta garinku.

Kammalawa

Wannan darasi ya nuna cewa ajin nauyi ya samo asali daga yadda ƙarfi da nauyi ke ƙaruwa ba daidai ba, tsayuwar ɗan kokawa da kamunsa suna bin ƙa'idar cibiyar nauyi da ƙarfin juyi, ƙayyade lokaci ya sauya hanyar da tsoka ke samun kuzari, dokar awo kuma an tsaurara ta ne bayan an yi asarar rayuka. Ana fata malaman Fiziks da Bayoloji da na wasanni za su haɗa kai su koyar da waɗannan babuka tare, rabi a cikin aji, rabi a filin makaranta, da ma'auni da tef na awo da tulun ruwan sha a gefe.